Tambaya da Amsa: Yadda Majalisar Garin Blackpool Ta Riƙe Sufurin Jama'a Tun 1892

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai nazarin tsara birane. Malaminmu ya ambata mana cewa a Ingila akwai wani gari na bakin teku mai suna Blackpool, wanda majalisar garin ce take riƙe da sufurin jama'a fiye da shekara ɗari, kuma ba a taɓa soke jiragen titinsa ba. Mu dai ta hanyar ƙwallon ƙafa muka san sunan garin. Ina roƙon a ba mu tarihin yadda abin ya faro da yadda ya shiga hannun majalisa. Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaminku ya faɗi gaskiya. Blackpool gari ne da ke lardin Lancashire, a arewa maso yammacin Ingila, a gaɓar tekun da ya raba Ingila da tsibirin Ireland, kuma mazaunansa a yau kimanin 140,000 ne. Ba shi da ma'adinai, ba shi da babbar tashar jiragen ruwa. Arzikinsa tun asali baƙi ne masu zuwa shan iska. Layin dogo ya iso garin a 1846, kuma daga nan ne ma'aikatan masaƙun auduga na Lancashire suka mayar da shi wurin hutunsu. Al'adarsu ita ce kowane gari ya rufe masaƙunsa na mako guda a lokacin zafi, wannan gari a wannan mako, wancan a mako na gaba, sai ma'aikata su kwashi iyalansu su nufi bakin teku. Wanda ya san yadda tashoshin mota suke cika a jajibirin Sallah zai iya kwatanta abin a ransa, sai dai a can cunkoson yakan ɗauki watanni a jere. Wannan taron jama'a, wanda ake buƙatar a kai shi daga wannan ƙarshen gaɓa zuwa wancan, shi ne tushen duk tarihin da ka tambaya.

Ranar 29 ga Satumba, 1885, aka buɗe layin tiram na farko a garin, wato taragon fasinja mai aiki da lantarki wanda ke bin dogon da aka shimfiɗa a kan titi. Tsawon layin bai wuce kimanin mil biyu ba, a kan titin bakin teku, kuma yana cikin layukan lantarki na farko a duniya. Injiniyan da ya tsara shi, Michael Holroyd Smith, mutumin garin Halifax ne. Abin lura shi ne cewa tun a ranar farko majalisar garin tana da hannu a ciki, domin ita ce ta shimfiɗa dogon, sannan ta ba wani kamfani mai zaman kansa hayarsa na shekara bakwai, kamfanin kuma ya kawo taragu da na'urorin lantarki.

Dabarar da aka yi amfani da ita wajen kai wuta ga taragun ita ce ta zama matsala. An haƙa siririn rami a tsakiyar dogon, aka sanya ƙarfe mai ɗauke da wuta a cikinsa, tarago kuma ya zura wani hannu ta tsagar da ke saman ramin yana ɗibar wutar. A garin da yake nesa da teku wataƙila da abin ya yi aiki lami lafiya, amma a Blackpool iska tana kwaso rairayi ta cika ramin, igiyar ruwa kuma tana tsallako ganuwar bakin teku ta zuba ruwan gishiri a ciki, wuta ta yanke. Akwai ranakun da sai an nemo dawakai sun ja taragun lantarkin. Da wa'adin hayar ya cika a 1892, majalisa ba ta sabunta shi ba, ta karɓi aikin gaba ɗaya. Shekara guda bayan haka ta buɗe tashar wutar lantarki ta kanta, kuma a 1899 ta watsar da ramin ta rataya waya a sama, duk da ƙorafin masu ganin cewa turaku da wayoyi za su ɓata kyan bakin teku. Daga nan layuka suka shiga cikin unguwanni, zuwa Marton a 1901 da Layton a 1902.

Matakin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci a wancan zamani shi ne faɗaɗa titin bakin teku, aikin da aka kammala a 1905. Majalisa ta cike wani sashe na gaɓa, ta gina ganuwa, ta kuma ware wa tiram nasa fili a gefen teku, ba tare da ya cuɗanya da keken doki ko mota ba. A lokacin babu wanda ya san irin yawan motocin da za su mamaye tituna bayan shekara hamsin, amma wannan keɓewa ita ce ta ceci layin daga baya. Da wuya kamfani mai haya ya iya yin irin wannan aiki, domin ganuwa da titi da dogo da wuta duk sai sun kasance a hannu ɗaya kafin a tsara su tare.

A arewa da garin kuma wani kamfani dabam ya buɗe layi a 1898 daga Blackpool zuwa Fleetwood, garin masunta, kuma mafi yawansa ya ratsa ta fili ne a kan hanyarsa ta kansa kamar jirgin ƙasa sosai. Majalisar Blackpool ta saye shi a 1920, ta haɗe shi da nata, sannan a 1926 ta miƙa layin kudu har Starr Gate. Haka aka sami hanyar da ake bi har yau, mai tsawon mil 11, kusan kilomita 18, daga Starr Gate zuwa bakin fiton Fleetwood. Motocin bas na majalisa sun fara aiki a 1921, da farko domin su kai fasinja wuraren da dogo bai kai ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Manchester tare da maigidana, kuma mun kai yara Blackpool kallon fitilun ƙarshen shekara, muka shiga tiram. An gaya mini cewa a da kusan kowane babban gari a Birtaniya yana da irinsa, amma duk aka tumɓuke su. Me ya sa na Blackpool ya tsira? Sannan wa yake da shi a yanzu, gwamnati ko 'yan kasuwa? Daga wata 'yar'uwa a Manchester.

AMSA: Barka kadai, Malama, Allah ya raya zuriya. Abin da aka gaya miki haka yake. Tsakanin shekarun 1930 da farkon shekarun 1960 garuruwan Birtaniya sun yi ta rufe layukan tiram ɗaya bayan ɗaya. Manchester da kike zaune ta rufe nata a 1949, Landan a 1952, Sheffield a 1960, Glasgow kuma a 1962. Dalilansu ba na banza ba ne: dogo ya tsufa, taragu sun tsufa, doka ta ɗora wa mai tiram nauyin gyaran titin da ke kewaye da dogonsa, man fetur yana da araha, kuma bas yana iya bin sababbin unguwanni ba tare da an shimfiɗa masa komai ba. Bayan Glasgow, Blackpool ce kaɗai ta rage da tiram na lantarki mai ɗaukar fasinjan yau da kullum a kan titin gari a duk Birtaniya, kuma haka ta zauna ita kaɗai har shekara talatin, sai a 1992 da Manchester ta buɗe sabon layinta na Metrolink.

Dalili na farko na tsirarsa shi ne siffar garin da kanta. Blackpool ta miƙe ne a tsawon gefen teku, kuma hasumiyarta da aka buɗe a 1894, da gadojin shaƙatawa uku da suka shiga cikin ruwa, da filin wasannin Pleasure Beach, da masaukan baƙi, duk suna kan layi guda. Inda dubban mutane suke son bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya, babu abin da ya kai tiram, musamman idan yana da filinsa na kansa. A daren kallon fitilu, lokacin da motoci suke tafiyar hawainiya a kan titi, tiram yana wucewa ta gefensu ba tare da tsaiko ba, kuma ina tsammanin kun ga haka da idonku.

Dalili na biyu mutum ne, Walter Luff, wanda majalisa ta naɗa babban manajan sufuri a 1933. Ya tarar da tarin tsofaffin taragu masu kujerun katako, a daidai lokacin da sauran garuruwa suka fara shawarar rabuwa da tiram. Maimakon ya bi sahunsu, sai ya gabatar wa majalisa shirin shekara biyar na sabunta komai, majalisa kuma ta amince ta kashe kuɗin. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 an kawo sababbin taragu 116, mafi yawansu daga masana'antar English Electric da ke Preston, garin da ke maƙwabtaka da su. Akwai masu hawa ɗaya da kujeru masu laushi da na'urar ɗumama ciki, akwai 12 marasa rufi masu siffar kwalekwale domin masu son shan iska, akwai kuma 27 masu hawa biyu da aka laƙaba wa suna Balloon saboda kumburin jikinsu, kowanne yana zaunar da fasinja kusan 90. Luff ya sa ƙofa a tsakiyar tarago domin shiga da fita su yi sauri, ya gina babban garejin Rigby Road, ya kuma mayar da fentin motocin majalisa kore da ruwan madara. Bai kasance mai makauniyar soyayya ga tiram ba, domin a 1936 ya rufe layin Layton da na Central Drive ya sa bas a madadinsu, ganin cewa titunan sun yi ƙunci. Ya zuba jari ne a inda tiram ya fi ƙarfi.

Amfanin wannan jari ya bayyana nan da nan. A lokacin yaƙi garin ya cika da mayaƙan sama masu karɓar horo da ma'aikatan gwamnati da aka kwaso daga Landan, man fetur kuma ya yi wuya, sai taragun lantarki suka ɗauki nauyin garin rani da damina. An yi wa masu hawa biyun da ba su da rufi rufi domin su yi aiki a cikin sanyi, mata kuma suka karɓi aikin kwandasta. Bayan yaƙi, lokacin da sauran majalisu suke duban taragunsu masu shekara arba'in suna lissafin kuɗin canza su, yawancin na Blackpool ba su wuce shekara goma sha ba. Wasu daga cikin waɗannan Balloon sun ci gaba da ɗaukar fasinjan yau da kullum har 2011, fiye da shekara saba'in da biyar bayan ƙera su.

Ba na so ki ɗauka cewa majalisar ba ta taɓa kuskure ba. A farkon shekarun 1950 ta sayi taragu 25 da aka kira Coronation, masu faɗi da kyan gani, amma suka zo da nauyi fiye da kima, suna shan wuta, na'urorin sarrafa gudunsu kuma suna yawan lalacewa da iskar gishiri. Bashin sayensu ya daɗe a wuyan sashen sufuri, kuma kafin ƙarshen 1975 an ajiye su duka, alhali tsofaffin taragun zamanin Luff suna nan suna aiki. Sannan a zamanin Joseph Franklin, wanda ya gaji Luff a 1954, an rufe dukkan layukan cikin gari: na Lytham Road a 1961, na Marton a 1962, da na Dickson Road, wanda ke zuwa tashar jirgin ƙasa ta arewa, a 1963. Masu kare wannan mataki suna cewa da ba a yanke rassan ba da gangar jikin ma ta tafi, kuma akwai gaskiya a maganarsu, domin kuɗin da aka yi tsiminsa ne ya riƙe layin bakin teku. Duk da haka ina ganin rufe hanyar tashar jirgin ƙasa asara ce babba, saboda ta raba tiram da baƙon da ya sauka daga jirgi, ta kuma ƙara mayar da shi abin yawon buɗe ido a idon mazauna garin.

Shekarun da suka biyo baya na ƙunci ne. Jiragen sama masu araha sun fara kwasar Turawan Ingila zuwa gaɓar Sifaniya, masaƙun Lancashire suna rufewa, an rufe babbar tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar garin a 1964, waɗanda suke zuwa kuma da motocinsu suke zuwa. Abin da ya riƙe layin a wannan lokaci shi ne ƙwarewar makanikai da kafintoci da masu aikin lantarki na garejin Rigby Road, waɗanda suka riƙa warware tsohon tarago su sake gina shi. A shekarun 1970 sun tsawaita wasu taragun zamanin Luff, suka mayar da su yadda direba shi kaɗai zai karɓi kuɗi ya kuma tuƙa, domin a rage asarar lokacin sanyi, sa'ad da baƙi suka watse kuma fasinja suka ragu. Tsarin kuɗin sashen ya kasance haka tun da daɗewa: ribar watannin zafi da ta makonnin fitilu ita take biyan hidimar da ake yi wa 'yan gari a watannin hunturu.

Game da tambayarki ta biyu, har yau na majalisar garin ne, amma siffar mallakar ta canza. Dokar sufuri ta 1985, a zamanin gwamnatin Margaret Thatcher, ta buɗe harkar bas ga gasa a wajen Landan daga watan Oktoban 1986, ta kuma tilasta wa majalisu su mayar da sassan sufurinsu kamfanoni masu cin gashin kansu. Haka aka kafa Blackpool Transport Services, kamfanin da majalisa ce take da dukkan hannun jarinsa, amma yana da shugabanninsa da asusunsa, kuma dole ya riƙe kansa kamar kowane kamfani. Ya fuskanci gasa mai zafi daga kamfanin Fylde, wanda shi ma asalinsa na majalisar Lytham St Annes ne da ke kudu da su, har a ƙarshe Blackpool ta saye shi a 1994. Yawancin garuruwan bakin teku ba su jure ba. Great Yarmouth ta sayar da nata a 1996, Bournemouth a 2005, Eastbourne kuma, wadda ta fara gudanar da bas na majalisa tun 1903, ta sayar wa kamfanin bas na Stagecoach a 2008. Kamfanin Bournemouth ya yi ta sauya hannu har ya durƙushe a 2022. Waɗanda suka rage a hannun majalisu a duk Birtaniya 'yan kaɗan ne, irin su Nottingham da Reading da Cardiff da kamfanin Lothian na Edinburgh, kuma Blackpool tana cikinsu.

A ganina wannan mallaka tana da muhimmanci na musamman a gari irin Blackpool, domin bayan ƙyalƙyalin bakin teku, alƙaluman gwamnatin Ingila sun daɗe suna sanya shi cikin yankunan da talauci ya fi yi wa katutu, kuma gidaje da yawa ba su da mota. Mai shara a otal da za ta fita da asuba, da dattijon da zai je asibiti, da ɗalibin kwaleji, su ne fasinjan da ba sa ɗaukar hutu. Idan kamfanin na gari ne, abin da ya saura bayan an biya kuɗin aiki yana komawa ga sababbin motoci ko ga asusun majalisa, kuma wanda bai gamsu da hidimar ba yana da kansilan da zai tunkara.

Taragun da kuka shiga, idan dogayen nan ne masu launin shunayya da fari, 'ya'yan sabuntawa ta biyu ne. A farkon wannan ƙarni dogon ya lalace ƙwarai, dokokin ƙasa kuma suka wajabta cewa abin hawan jama'a ya zama wanda mai keken guragu zai iya shiga, abin da taragun 1934 masu matakala ba za su iya ba. An kai matsayin da ko dai a sake gina layin ko a rufe shi. A 2008 gwamnatin tsakiya ta amince ta ba da kaso mafi tsoka, majalisar Blackpool da ta lardin Lancashire suka cika sauran, aka kashe kimanin fam miliyan 100. An sake shimfiɗa dogo, an gina dandamalin hawa daidai da ƙasan tarago, an rage yawan wuraren tsayawa domin tafiya ta yi sauri, an gina sabon gareji a Starr Gate, sannan aka kawo taragu 16 samfurin Flexity 2 na kamfanin Bombardier, kowanne mai tsawon mita 32, yana ɗaukar mutum fiye da 200. Sun fara aiki a watan Afrilun 2012, aka ƙara biyu daga baya, kuma kafin annobar korona fasinjan layin sun kai kimanin miliyan biyar a shekara. A watan Yunin 2024 aka buɗe ɗan gajeren reshe ta Talbot Road zuwa tashar jirgin ƙasa ta Blackpool North, wato an mayar da haɗin da aka yanke a 1963, bayan shekara sittin da ɗaya.

TAMBAYA: Malam, na ga hoton wani tiram a Blackpool da aka yi wa siffar jirgin ruwa, jikinsa duk fitilu. Shin na fasinja ne ko na ado kawai? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Na fasinja ne, Malam, amma na yawon kallo. Bikin fitilun garin ya samo asali ne daga 1879, lokacin da aka kunna manyan fitilun lantarki takwas a bakin teku, ya kuma ɗauki siffarsa ta yanzu daga 1912, da nufin a tsawaita kakar baƙi bayan zafi ya wuce. Sashen sufuri ya shiga bikin ta hanyar ɗaukar tsofaffin taragu yana sake musu jiki a garejinsa, wani a siffar jirgin ruwan yaƙi, wani ta jirgin masunta, wani kuma, wanda aka gina a 1962, a siffar tsohon jirgin ƙasan yammacin Amurka. Ana sayar musu da tikiti na daban, wanda ya fi na tiram ɗin yau da kullum tsada. Bayan 2012 an ware su tare da wasu Balloon da masu siffar kwalekwale a matsayin taragun tarihi masu fita a ranaku na musamman. A ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da fitar taragun tarihin, yana mai nuni da wahalar tafiyar da tsofaffi da sababbi a kan dogo ɗaya da kuma halin da garejin Rigby Road yake ciki, matakin da ya jawo ƙorafi mai yawa daga mutanen garin. Saboda haka duk mai niyyar zuwa domin su, ya fara bincika jadawalin kamfanin kafin ya kama hanya.